Amonikar da Ke Yoyon Iska

Bashiru, tun zuwanka na ƙaramar Sallah da ka buɗe akwatin Babanku ka ciro amonikarsa, ka busa, ka ce min a Duwala akwai mai gyara, zai sa mata sababbin harsuna ta dawo kamar jiya aka sayo ta, ban ƙara samun natsuwa ba. Na ce maka ka bari, ka yi dariya ka ce tsofaffi da riƙon tarkace. Yayyenka kuma na san abin da suka ji a bakin dangi: wai ni na lalata ta, wai saboda ita aka kira ni gaban manya, wai har kakarku Dada ta koma ga Mahaliccinta tana fushi da ni. Biyun farko gaskiya ne. Na ukun ne nake so in daidaita kafin in bi su.

An kawo ni Garwa daga Marwa ina 'yar baduku, ba ni da kowa a garin sai mijina, shi kuma mijin na kogi ne. Babanku yana aiki a jiragen da ke hawowa Binuwai. Shi ne mai tsayawa a goshin jirgi da doguwar gora yana auna zurfin ruwa, yana faɗa wa matuƙi inda yashi ya kwanta. Jiragen ba sa iya isowa Garwa sai damina ta yi nisa kogi ya cika. Su sauke gishiri da siminti, su ɗauki auduga da gyaɗa, ruwa na fara ja da baya su gudu. Wata uku nake da miji a shekara. Sauran watannin ina gida da mahaifiyarsa, Dada, da Baffa Hamidu, ƙanin mahaifinsa mai fataucin goro, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar kakanku. Dada Bafulatana ce ta gaske, Babanku kuma ɗanta ne na fari, don haka ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Idan dole ta kama, sai ta ce "wancan na ruwa". Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta tambayarsa hanya. Ni da ƙuruciya na ɗauka ba ta damu da shi ba.

Duk zuwa yakan kawo min 'yan littattafan soyayya da ake sayarwa a kasuwannin kudu, masu siririn bango, ya zauna yana karanta min yana juya su da Hausa, yana ƙara nasa gishirin. A cikinsu na koyi cewa mace mai jiran masoyi takan rame ta ƙara kyau, kuma duk abin da ya bari a ɗaki alama ce. Na yarda da wannan kamar karatun allo.

Amonikar kuwa wani kuku na jirgi ne ya ba shi. Kun san ta: ba ta wuce tafin hannu ba, ramuka goma a jere, a busa ta ba da murya ɗaya, a zuƙa ta ba da wata. Tun a lokacin tana yoyon iska. Kowace murya sai ta fito da wani siririn "fii" a bayanta, kamar numfashin mai mura. Kafin ya busa yakan tsoma ta a randa don katakon cikinta ya kumbura ya toshe ƙofofin, Dada ta dube ni, ba shi ba, ta ce:

"Gaya wa wancan ruwan sha ne, ba na wankan ƙarfe ba."

Waƙa ɗaya yake da ita, ba ta da suna. A tsakiyarta akwai wani wuri da yakan zuƙi rami na uku, ya matse maƙogwaro, ya janyo muryar ƙasa har ta lanƙwashe ta zama nishi, irin na mutumin da aka ɗora wa buhu a ka. Ranar da jirginsu ya iso, da wannan waƙar yake hawowa daga bakin kogi zuwa unguwa. Kafin ya yi sallama kowa ya sani. Ni zuciyata ta yi ta dakan lugude, Dada kuwa ko motsi ba ta yi a kan tabarmarta, sai dai ta ce, "Ke, kin ɗora ruwa?"

Shekarar da zan ba ku labari, ya tafi da jirgin ƙarshe da hantsi, cikin sauri, jirgin na ta ƙaho. Bayan tafiyarsa na ga amonikar a kan katangar bayan ɗakina. Na rungume ta na yi kuka mai daɗi. Na ce ya bar min numfashinsa ne.

Damina ta sake zagayowa, kogi ya cika har ya taɓa gindin bishiyoyi, jirgi bai zo ba. Yaƙi ya ɓarke a ƙetare, a can ƙasan kogin, hanya ta rufe. 'Yan dako suna zaune a tasha suna kallon ruwa yana wucewa a banza. Baffa ya tambayi fataken da ke shigowa ta Mayo-Ulo, wani ya ce an ga ma'aikatan jirgi a wuri kaza, wani ya ce ba a gan su ba. Wasiƙa babu. A gidan ba wanda zan yi maganarsa da shi. Baffa ba abokin hirata ba ne. Dada idan na fara sai ta ce "Allah na nan," ta juya mazarinta. Babbarku tana goye, ba ta san komai ba. Sai na fara ɗaukar amonikar bayan la'asar, lokacin da Baffa ke kasuwa, in saki labule in yi ta lalube. A wata biyu na haɗa waƙar gaba ɗaya, ban da wurin nishin. Na zuƙa, na matse wuya, na karkata kai, muryar ta ƙi sauka. Don haka idan na iso wurin sai in yi shiru gwargwadon numfashi ɗaya, in wuce. A kwanakin nan Dada ta mai da tabarmar kaɗinta jikin bangon ɗakina. Na ce a raina inuwa ta bi.

Da bazara ta kama, zafin Garwa da kuka sani, katakon ya bushe ya tsuke. Iskar da ke zurarewa ta fi wadda ke shiga. In na busa layi biyu sai jiri ya ɗebe ni. Na tsoma ta a ruwa yadda yake yi, ta yi daɗi na ɗan lokaci, washegari ta fi jiya lalacewa. Tsoro ya kama ni: in ta mutu, me ya rage min? A nan ne littattafan suka yi min huɗuba. Na ga kaina a ƙofar gida ranar dawowarsa, na tare shi da waƙarsa cikakkiya, tsaf, babu gurbi, shi kuma ya saki jakarsa ya tsaya hawaye na zuba. Har kalar zanen da zan ɗaura na zaɓa.

Ni 'yar baduku ce, hannuna ya san ƙaramin aiki. A cikin kayan aurena akwai basilla da 'yar wuƙar fiƙe fata da mahaifina ya jefa min, ya ce ko takalmi ya tsinke. Na cire murfinta guda biyu. A ciki na tarar da katako mai haƙora kamar mataji, an manna masa faranti biyu na tagulla, sama da ƙasa, da 'yan ƙusoshi. A jikin kowane faranti akwai harsuna goma, sirara kamar ganyen ciyawa, su ne ke rawa su ba da murya. Don in gane inda iska ke fita, na tsinci auduga daga kwandon Dada na ɗora a gefe-gefen, na busa a hankali. Duk inda audugar ta motsa na sa alama da gawayi. Wuri biyar na samu. Na ɗaga ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya da bakin basilla, na jera su a murfin kwano yadda na cire su don kada su rikice. Katakon ya gantsare, har da 'yar tsaga a haƙori na huɗu. Na baza lallausan yashin kogi a kan madubina, na yi ta goga shi a kai, gaba da baya, kwana biyu, har ya kwanta sumul. Madubin ya tashi daga aiki, ban damu ba. Na narka kakin zuma na shafe katakon, na cike tsagar. Sannan na yanko fatar akuya daga tsohuwar jakata, na fiƙe ta har ina ganin hasken rana ta cikinta, na yanka ta daidai siffar haƙoran, na shimfiɗa tsakanin katako da tagulla, na mayar da ƙusoshin. Harsunan da suka ɗaga da yawa na danna su kaɗan da tsinken tsintsiya.

Da na busa, sai da na tsorata. Murya ta fito tas, mai ƙarfi, da ɗan numfashi kaɗan. Audugar ko motsi.

Da a nan na tsaya, da babu wannan labarin. Amma wurin shirun nan yana ci min rai. Na lura cewa muryar da Babanku ke janyowa da nishi ba ta cikin ramukan ƙasa ko kaɗan, shi ke ƙirƙiro ta. Na kuma lura, garin goge tsatsa, cewa in aka kankare bakin harshe muryarsa takan ɗan hau. Harshen busawa na rami na uku kuwa muryarsa ɗaya da ta zuƙar rami na biyu, na ce ai asara ce murya ɗaya a wuri biyu. Na tura reza ƙarƙashinsa, na riƙa kankare bakinsa da wuƙar fata, kaɗan, in gwada, kaɗan, in gwada, yini uku, har ya hau ya zauna daidai muryar da nake nema. Ranar na busa waƙar daga farko har ƙarshe babu tsayawa. Na yi ta maimaitawa. Ban lura ba cewa Dada ta naɗe tabarmarta ta koma ƙofar ɗakinta.

Bayan kamar mako biyu Goggo Asta makitsiya ta zo yi min kitso. Kaina na kan cinyarta ta ja wani gashi da ƙarfi ta ce:

"Amaryar kogi, ashe kuna da baƙo ba a gaya mana ba?"

"Wane baƙo, Goggo?"

"Oho. Mu dai muna jin busa ta katanga. Ta maigidanki duk unguwa mun san ta, tana fii-fii kamar tsohuwar akuya. Da muna ji mu ce wayyo, yarinya na kewar mijinta. Wannan kuwa sabuwa ce fil, mai ita kuma ƙirjinsa da ƙarfi."

"Ita ce dai, Goggo. Gyara ta na yi."

Ta yi dariya har ta saki kitson. "Ke? To, sannu injiniya. Sunkuyo in ƙarasa. Ni ban ce komai ba, mutane ne ke cewa."

Abin da ya kai kunnen makitsiya ya riga ya kai kasuwar goro. Ranar Juma'a bayan an sauko, Baffa ya aiko a kira ni. Yana zaune a ƙofar zaure ta ciki, Dada a gefe da mazarinta a ƙasa, ba ta kaɗi. Na durƙusa nesa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

"'Yar Marwa, amana aka bar mana ke. Ana cewa akwai mai shigo mana gida da busa idan na fita. In zaman ya ishe ki, ki faɗa, in sa ki a mota da mutuncinki. Ba a ɗaure kowa ba."

Na ga Marwa a idona, na ga jirgi ya iso wata rana ba ni a gidan. Na ce a ba ni izini in ɗauko abu. Na kawo amonikar da basilla. Ban taɓa busa ta a gaban namiji ba, ko Babanku, amma na ja mayafi na rufe rabin fuska na busa waƙar. Baffa ya saki baki.

"To, busar taki ce, na ji. Amma wannan ba tasa ba ce. Wa ya ba ki?"

Na cire murfin a gabansa. Na nuna masa inda Babanku ya karce harafin farko na sunansa da ƙusa a ciki. Na nuna masa fatar, na kawo jakar da na yanka ya ga gurbin. Ya jujjuya, ya kai hanci ya shanshana kakin, sai ya fashe da dariya, dariyar wanda aka sauke wa kaya.

"Kai! Jinin dukawa ba ya ɓuya. Dada, kin ga aikin surukarki? Gobe sai in kawo mata rediyona. Tashi, 'yata, Allah ya huci zuciyarki. Masu magana kuma ni zan ji da su."

Ya saka takalmi ya fita. Ni ina murna na tsira, ina tattara ƙusoshi, sai na ji Dada ta yi magana, a hankali, tana kallon ƙasa.

"Ni na san ba kowa. Ina zaune a wurin."

"To Dada, me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta ɗauki mazarin ta ajiye.

"Da, in kina yi, ina jin iskar nan tana fita. Haka yake numfashi tun yana jariri, da mura aka haife shi. In kin zo wurin da kike yin shiru, ni ina jin sauran." Ta share hanci da bakin zane. "Yanzu ban san mai busawa ba."

Shekara huɗu ina gidan, ranar ce kawai ta yi min maganar ɗanta, ko a ranar ma ba ta kama sunansa ba. Ni ina can ina kallon kaina a cikin littafi, mace ɗaya tilo mai jira a duniya, ashe a bayan bangona akwai wadda ta riga ni fara jiransa da shekara talatin, wadda ko kuka ba ta da izinin yi. Abu ɗaya take da shi, na ɗauke mata don in burge wanda ba ya nan.

Washegari na zare fatar. Na sassauta ƙusa biyu, na ɗora auduga, na busa har ta motsa. "Fii" ɗin ya dawo, ba daidai da na da ba, amma kusa. Harshen da na kankare ne ya gagara. Na gwada karce gindinsa don ya sauko, ya ɗan sauko ya fara rawar murya, na ji tsoron ya karye, na bar shi. Da la'asar na busa waƙar, da na iso wurin na tsallake sabuwar muryar, na yi shiru na numfashi ɗaya. Kwana uku ba abin da ya faru. Rana ta huɗu na ji ana jan tabarma a jikin bango. Haka muka yi shekara da wani abu, ni a ciki, ita a waje, bango a tsakani. In na makara takan yi gyaran murya ta ce, "Ke, la'asar fa ta yi," kamar salla take tuna min. Ciwon da ya ɗauke ta na kwana tara ne. A hannuna ta cika, kuma abin da ta ce min na ƙarshe shi ne "Useko, ɓingel am," wato na gode, 'yata. Wannan shi ne fushin da aka gaya muku.

Babanku ya dawo wata bakwai bayan haka, a bayan motar kaya, ba a jirgi ba, ya rame har ban gane shi ba sai da ya yi magana. Ba zanen da na zaɓa, ba waƙa a ƙofar gida. Ina tsakar wanke-wanke ne. Ya tsaya ya dubi ɗakin Dada a rufe, Baffa ya kama hannunsa suka fita zaure. Sai bayan kwana goma na miƙa masa amonikar. Na tambaye shi ko da gangan ya bar min ita. Ya ce a'a, mantawa ya yi, har ya yi ta cigiya a jirgi. Ya tsoma ta a randa, ya tsaya kamar mai jiran a yi masa faɗa, ba wanda ya yi. Ya fara waƙar. Da ya iso wurin ya zuƙi rami na uku ya matse maƙogwaro, muryar ta ɗan sunkuya kaɗan ta tsaya. Ya sake. Ya sake, har jijiyar wuyansa ta tashi. Nishin bai zo ba. Ashe harsuna biyun da ke rami ɗaya tare suke aiki, nisan da ke tsakanin muryoyinsu shi ne ke ba shi wurin janyowa. Da na ɗaga ɗayan, na cinye masa wurin. Ban sani ba, tunda ni ban taɓa iya nishin ba.

"Wa ya taɓa ta?"

Na gaya masa duka, har da zaure, har da tabarma. Ya saurara yana juya ta a hannu.

"Ta ce tana jin sauran?"

"Haka ta ce."

Ya gyaɗa kai, ya goge ta da bakin riga, ya sa a akwati. Bai yi min faɗa ba, ranar ko bayanta. Jirage ba su ƙara zama abin dogaro ba, ya kama aikin awo a wurin sayen auduga, na samu miji na wata goma sha biyu, na haife ku. Shekara ashirin da shida muka ƙara tare, ban sake jin ya busa ba. Ku kun taso kun san shi mutum ne mai shiru. Ba haka aka kawo ni na same shi ba.

Yanzu ni kaɗai ce a gidan. Wani lokaci bayan la'asar nakan ciro ta. Ƙirjina ba ya kai layi biyu, amma ina kaiwa wurin, in yi shiru, in saurara. Duk wanda ya san abin da ke cikin shirun nan ya tafi, sai ni.

Don haka, Bashiru, mai gyaran nan na Duwala na san gwani ne, zai toshe ta tsaf, ya sa sabon harshe, ta yi murya kamar ta kanti. Ni ma na taɓa yi. Ka bar ta tana yoyonta.